Hughie Gallacher: Ɗan Wasan Fam 22,750 da Ke Karɓar Fam 8 a Mako

Ranar Laraba 3 ga Satumba 1930, mutum 68,386 suka cika filin St James' Park da ke Newcastle, wasu dubbai kuma suka yi cirko-cirko a waje bayan an rufe ƙofofi. Wasan lig ne kawai na farkon kaka tsakanin Newcastle United da Chelsea. Abin da ya fito da jama'a mutum ɗaya ne a cikin baƙin, Hughie Gallacher, ɗan gaba ɗan Scotland, wanda shugabannin Newcastle suka sayar watanni kaɗan kafin nan. Har yau filin bai sake ɗaukar mutane masu yawan haka ba.

Mafi ƙarancin kuɗin shiga ga baligi a lokacin sule 1 ne. Dattawan da suka kashe fam da sule kafin zuwan naira a 1973 sun san sule 20 ne fam ɗaya. In aka ƙaddara kowa sulen nan ɗaya ya biya, kuɗin ƙofa ya haura fam 3,400 a yamma ɗaya. Shi kuwa mutumin da aka zo gani, albashinsa fam 8 ne a mako lokacin kaka, fam 6 lokacin hutu, kuma dokar hukumar lig ta hana a ƙara masa ko sisi. A shekara bai kai fam 400 ba kafin a haɗa da ladan nasara. Kuɗin ƙofar wannan yamma ya kusa biyan albashinsa na shekara tara.

Yawanci in an tashi ba da labarin Gallacher, a kan halinsa ake tsayawa: zafin rai, kaifin baki, shan giya. Duk gaskiya ne, kuma za mu zo kansu. Amma wanda ya tsaya a nan ya bar rabin labarin. Sauran rabin yana cikin dokoki uku da suka kewaye shi: dokar satar gida da aka sauya a 1925, iyakar albashi, da tsarin da ya bai wa ƙungiya ikon riƙe ɗan wasa ko sayar da shi.

Daga ramin kwal zuwa Airdrie

An haife shi ranar 2 ga Fabrairu 1903 a Bellshill, garin masu haƙar kwal da ke yankin Lanarkshire, gabas da Glasgow. Makaranta ɗaya suka yi da Alex James, wanda daga baya ya zama tauraron Arsenal, kuma a wannan yanki aka haifi Matt Busby, shahararren kocin Manchester United, shekara shida bayan Gallacher. Yana ɗan shekara 15 ya shiga ramin kwal na Hattonrigg. Tsayinsa bai taɓa wuce ƙafa 5 da inci 5 ba, wato kusan santimita 165.

Ya taso ne ta matakin da mutanen Scotland ke kira junior. Sunan yana ruɗar mutane, domin ba gasar yara ba ce. Ƙungiyoyin garuruwa ne da unguwannin ma'aikata, inda ƙarti ke fitowa daga rami ko masana'anta su shiga fili. Yaro ɗan shekara 16 da ke son buga gaba a nan dole ya koyi kare ƙwallo da jikinsa kafin ya koyi komai. Gallacher ya bi ta Tannochside Athletic da Hattonrigg Thistle har zuwa Bellshill Athletic.

A ƙarshen 1920 Queen of the South ta garin Dumfries ta ɗauke shi a kan fam 5 a mako. Ya ci ƙwallo 19 a wasa 9, sannan nimoniya ta kwantar da shi a asibiti, ta kama huhunsa duka biyu, a zamanin da babu maganin kashe ƙwayoyin cuta irin na yau. Ya tsallake rijiya da baya, kuma a watan Mayu 1921 ya koma Airdrieonians ta garin Airdrie.

Akwai wani abu da ya faru a 1920 wanda zai biyo shi har Landan. Ya yi aure yana ɗan shekara 17. Shi ɗan gidan Furotesta ne, matar kuma 'yar Katolika, a yankin da wannan bambanci ke raba dangi. Auren bai zauna ba, suka rabu da wuri, amma igiyar ba ta tsinke a gaban doka ba sai bayan fiye da shekara goma.

Airdrie ƙaramin gari ne, filinta Broomfield ƙarami, amma daga 1923 zuwa 1926 ƙungiyar ta ƙare ta biyu a lig ɗin Scotland sau huɗu a jere. A 1924 ta doke Hibernian da ci 2-0 a Ibrox ta ɗauki Kofin Scotland, wanda shi ne kaɗai a tarihinta. Gallacher ya ci mata ƙwallo 91 a wasannin lig 111. A watan Maris 1924 ya fara buga wa ƙasarsa, kuma a Afrilu 1925 shi ya ci duka biyun da Scotland ta doke Ingila 2-0 a Hampden. Daga ranar nan manyan ƙungiyoyin Ingila suka fara sintiri a Broomfield, magoya bayan Airdrie kuma suka yi barazanar cinna wa rumfar katako ta filin wuta in aka sayar da shi.

Abin da kalma ɗaya ta yi wa wasan

A watan Yuni 1925 kwamitin da ke tsara dokokin ƙwallo ya amince da shawarar hukumar Scotland, aka mayar da “uku” ya zama “biyu” a dokar satar gida. Sai an fahimci wannan kafin a gane dalilin da farashin ɗan gaba ya tashi a lokacin.

A tsohuwar doka, lokacin da aka bai wa ɗan wasa ƙwallo, dole a samu abokan hamayya uku tsakaninsa da layin raga. Ƙungiyoyi kuwa suna tsayuwa ne da 'yan baya biyu, 'yan tsakiya uku, 'yan gaba biyar. Gola da 'yan baya biyu, uku ke nan cif. Saboda haka ɗan baya ɗaya ya isa ya ɗana tarko. Da ya ga za a saki ƙwallo sai ya taka gaba taku biyu ko uku, ɗan gaba ya rage da mutum biyu a gabansa, a busa. In ya makara wajen takowa babu asara, domin abokinsa na nan a baya zai share kuskuren. Waɗanda suka fi kowa ƙwarewa a wannan tarko 'yan bayan Newcastle ne, Bill McCracken da Frank Hudspeth. Sauran ƙungiyoyi suka kwaikwaya, wasa ya cushe a tsakiyar fili, ƙwallaye suka ragu, 'yan kallo suka fara gajiya.

Da aka mayar da adadin biyu, tarkon ya zama caca. Yanzu sai 'yan bayan duka biyu sun taka gaba a lokaci guda, kuma in ɗaya ya makara, ɗan gaba ya fita daga shi sai gola. Sakamakon ya fito a kaka ɗaya. A rukunin farko na Ingila, mai ƙungiyoyi 22 da wasanni 462, an ci ƙwallo 1,192 a kakar 1924/25. A kakar 1925/26 aka ci 1,703. George Camsell ya ci 59 a rukuni na biyu a 1926/27, Dixie Dean kuma ya ci 60 a rukunin farko a 1927/28.

Martanin 'yan baya ma daga Newcastle ya samo asali. Ranar 3 ga Oktoba 1925 Newcastle ta lallasa Arsenal 7-0. Bayan wasan ɗan gaban Arsenal Charlie Buchan ya matsa wa kocinsa Herbert Chapman a janye ɗan tsakiya na tsakiya ya dawo tsakanin 'yan baya biyu. A da aikin wannan mutum raba ƙwallo ne. Yanzu aikinsa ya zama ɗaya tak: ya manne wa ɗan gaba na tsakiya, ya hana shi juyowa. Chapman ya samu wanda ya dace da aikin a jikin Herbie Roberts, kuma cikin 'yan shekaru yawancin ƙungiyoyi suka nemo dogon mutum mai ƙarfi suka kafa a wurin.

Gallacher ya zo Ingila daidai tsakiyar wannan sauyi, ya ci moriyarsa kuma ya biya kuɗinsa. Filin da ya buɗe a bayan 'yan baya ya dace da mai saurin tashi da saurin juyawa kamarsa. Yana karɓar ƙwallo a ƙafa bayansa na fuskantar raga, ya tokare mai tsaronsa da ƙugu, ya juya ta ɓangaren da ba a zata ba. Yana bugu da ƙafa biyu, kuma duk da gajartarsa yana cin ƙwallo da ka, saboda yana riga dogaye tashi. Amma duk mako akwai mutumin da ya fi shi tsawo da nauyi, wanda ba a ba shi wani aiki ba sai shi.

Kakar 1926/27

Newcastle ta saye shi a Disamba 1925 a kan fam 6,500, fam 50 kacal ƙasa da abin da Sunderland ta biya a kan Bob Kelly a wannan watan. A wasansa na farko, da Everton, ya ci biyu, Dean ya ci uku, aka tashi 3-3. Ya ƙare wannan kaka da ƙwallo 23 a wasannin lig 19.

Newcastle ba ta da koci a yadda muka san koci yau. Kwamitin daraktoci ne ke zaɓen 'yan wasa, sakatare Frank Watt, shi ma ɗan Scotland, ke tafiyar da ofis. Abin da ya rage a cikin fili na kyaftin ne. A farkon kakar 1926/27 daraktocin suka karɓe kyaftin daga Hudspeth, wanda ya shekara fiye da goma sha biyar a ƙungiyar, suka bai wa Gallacher mai shekara 23. Kakar ta fara ne ma'aikatan kwal na ƙasar suna zaune a gida tun watan Mayu saboda rikicin albashi, kuma da yawa daga masu biyan sule a ƙofa 'yan uwan waɗannan ma'aikata ne. Sun san daga inda ya fito.

Ya ci ƙwallo 36 a wasannin lig 38. Tare da Stan Seymour da Tom McDonald da Tommy Urwin da Bob McKay a gaba, ƙungiyar ta ci 96, ta tara maki 56 a zamanin da nasara ke ba da maki 2, ta bar Huddersfield a baya da maki 5. A watan Maris shi ya ci ƙwallo ɗaya tilo da suka doke Sunderland a gaban mutum sama da 67,000. Wannan ne karo na ƙarshe da Newcastle ta ɗauki kofin babban lig na Ingila, kuma babu ɗan wasanta da ya wuce 36 ɗin nan a lig cikin kaka ɗaya. Ana yawan sa shi a farkon jerin masu lamba tara na Newcastle, kafin Jackie Milburn da Alan Shearer, alhali bai taɓa sa lamba a rigarta ba, domin sai a 1939 aka wajabta lambobi a wasannin lig.

Duka, da alƙalan da ba su kare shi ba

Ya kamata a san kayan aikin lokacin. Ƙwallon fata ne mai ɗinkin igiya, yana shan ruwa ya ƙara nauyi in ana ruwan sama. Takalmi yana rufe idon sawu, bakinsa a taurare, ƙusoshinsa kuma fata ce da aka kafa da ƙusar ƙarfe, wadda in fatar ta cinye sai ƙarfen ya fito. Ba a canjin ɗan wasa a lig ɗin Ingila sai a 1965, don haka wanda ya ji ciwo sai a goga masa soso da ruwan sanyi a tura shi gefe ya ƙarasa wasan yana ɗingishi. Babu katin gargaɗi ko jan kati. Shigar baya da ake kora a kanta yau, a lokacin sau da yawa ko busa ba a yi.

Ƙaramin mutum da ke riƙe ƙwallo a ƙafa a irin wannan yanayi, ƙwaurinsa da dugaduginsa ne ke biya. Gallacher yana cusa auduga a ƙarƙashin abin kare ƙwauri kafin ya fita, kuma duk da haka ƙafafunsa cike suke da tabo. Shi ma ba kanwar lasa ba ne. Yana ramawa, yana zagin 'yan baya don ya fusata su, yana takura wa gola, yana jayayya da alƙalin wasa a kan kusan kowace busa. Abokan hamayya suka gane cewa hanya mafi sauƙi ta kashe shi a wasa ita ce a tsokane shi ya hasala da kansa.

Ranar 31 ga Disamba 1927, a wasa da Huddersfield, alƙali Bert Fogg ya hana shi fenareti. Gallacher ya bi shi har ɗakin canja kaya bayan an tashi, kuma labarin da ya bazu shi ne ya tura shi cikin bahon wanka. Hukumar ƙwallon Ingila ta dakatar da shi wata biyu ba albashi. Hukuncin ya dace da laifin. Abin da ba a yi ba shi ne a waiwayi dukan da ya kai shi ga haka, kuma babu wani a ƙungiyar da aikinsa ne ya zaunar da shi.

Wembley, 31 ga Maris 1928

Bai daɗe da dawowa daga dakatarwar ba aka zaɓe shi ya buga da Ingila, aka bar Jimmy McGrory na Celtic da ke zuba ƙwallaye a gida. Jaridun Scotland suka yi ca, musamman da yake takwas daga cikin sha ɗayan a lig ɗin Ingila suke wasa. 'Yan gaban biyar, Alex Jackson, Jimmy Dunn, Gallacher, Alex James da Alan Morton, mafi tsawo a cikinsu Jackson ne, ƙafa 5 da inci 7. An kwana ana ruwa. A kan jiƙaƙƙiyar ciyawa manyan 'yan bayan Ingila suka kasa juyawa da sauri, gajerun kuma suka ajiye ƙwallo a ƙasa suna miƙa wa juna. Kyaftin Jimmy McMullan yana watsa ta gefe, Morton ya yanke ɗan baya ya ɗago, Jackson ya shigo daga dama ya sa kai. Jackson ya ci uku, James biyu, Bob Kelly ya rama ɗaya da bugun tazara dab da tashi. Aka tashi 5-1.

Gallacher bai ci ko ɗaya ba a wasan da aka fi tunawa da shi a tarihin ƙasarsa. Aikinsa ranar shi ne janye masu tsaro daga tsakiya ya buɗe wa Jackson da James hanya, abin da ke nuna ya iya wasa don wasu in yana cikin mutanen da ya yarda da su. A wasanni 20 da ya buga wa Scotland ya ci fiye da ƙwallo ɗaya a kowane wasa in aka raba, kuma zamansa a wurin na daga cikin dalilan da McGrory bai samu fiye da wasa 7 ba.

Yadda ake sayar da mutum a 1930

Dangantakarsa da daraktoci ta riƙa tsami. A rangadin Turai na 1929 an zarge shi da shiga fili a buge a Hungary. Ya ce wuski da ruwa ya kurkure baki da su, binciken hukuma kuma ya wanke shi. A Janairu 1930 Newcastle ta naɗa kocinta na farko, Andy Cunningham, tsohon ɗan wasan Rangers, kuma jininsu bai haɗu ba. Duk da haka a watan Afrilu, ƙungiyar na dab da faɗuwa rukuni na biyu, Gallacher ya ƙi amsa kiran Scotland zuwa Wembley, ya tsaya ya buga wa Newcastle da Arsenal. Scotland ta sha kashi 5-2, masu zaɓe suka ƙullace shi, Newcastle kuma ta sha da ƙyar a ranar ƙarshe. A watan Mayu ya je Paris ya ci duka biyun da Scotland ta doke Faransa. Yana wannan tafiya daraktocin suka gama ciniki da Chelsea a kan fam 10,000. Ya bar Newcastle da ƙwallo 143 a wasa 174.

Ga yadda tsarin yake aiki. Kwantiragi na shekara ɗaya ne. A ƙarshen kaka ƙungiya ta fitar da jeri biyu: waɗanda ta riƙe, da waɗanda ta sa a kasuwa tare da farashinsu. Rajistar ɗan wasa tana hannunta ko da kwantiragi ya ƙare. In ya ƙi sa hannu a kan abin da aka ba shi, albashi ya tsaya, kuma ba shi da ikon buga wa wata ƙungiyar lig. A takarda yana iya ƙin komawa inda aka sayar da shi, amma ƙin na nufin zama a wurin da ba a son sa. Ƙungiyar 'yan wasa ta ƙalubalanci tsarin a shari'ar Herbert Kingaby da Aston Villa a 1912, ta faɗi, kuɗin shari'ar kuma ya durƙusar da ita.

Abin da doka ta yarda ɗan wasa ya samu ƙididdigagge ne: fam 10 na sa hannu, fam 2 in an yi nasara, fam 1 in an yi canjaras, sai kyautar da ba ta wuce fam 650 ba bayan shekara biyar a ƙungiya ɗaya, ita ma in ƙungiyar ta ga dama. In an sayar da shi kafin nan, ƙungiya na iya ba shi wani kaso na kyautar, nan ma in ta ga dama. Gallacher bai taɓa cika shekara biyar a wata ƙungiyar Ingila ba. Ya yi huɗu da rabi a Newcastle, ya yi kusan haka a Chelsea.

Tunda ƙungiyoyi ba za su iya gasa da juna ta albashi ba, sai gasar ta koma kan kuɗin saye, kuɗin kuma daga asusun wata ƙungiya yake fita ya shiga na wata. Wannan ne ya sa ƙananan ƙungiyoyin Scotland irin su Airdrie suka dogara da sayar da 'yan wasa kudu, duk da cewa lig ɗinsu ba shi da iyakar albashi. Cinikin Gallacher guda shida sun kama fam 22,750. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Adalci shi ne a faɗi cewa fam 8 a mako ya fi ninki biyu na abin da mai haƙar kwal ke samu, kuma mutum mai tattali zai iya ajiye wani abu. Gallacher ba mai tattali ba ne. Yana son kwat mai tsada da hula da farin marufin takalmi, yana son mashaya, kuma hannunsa a sake yake. Amma a dubi abokin makarantarsa. Alex James shi ma mai taurin kai ne a kan kuɗi. Da Arsenal ta saye shi daga Preston a 1929 a kan fam 8,750, an sama masa aiki a kantin Selfridges na Landan a kan fam 250 a shekara, hanyar da ba ta karya doka ba. Chapman ya san yadda zai tafi da shi, James kuma ya ɗauki kofin lig huɗu a can. A ganinmu wannan bambancin kulawa ya yi tasiri daidai da bambancin halin mutanen biyu.

Chelsea da gangara

Chelsea ta hau rukunin farko a 1930 ta kashe kusan fam 25,000 a kan 'yan gaba uku 'yan Scotland: Gallacher, Alex Jackson da Alec Cheyne. Sayen taurari bai gina ƙungiya ba. Ta ƙare a tsakiyar tebur, daga baya ta koma fafutukar kauce wa faɗuwa. Cheyne ya tafi Nîmes a 1932, shekarar da Faransa ta fara lig na ƙwararru, Jackson kuma ya bar lig gaba ɗaya bayan saɓani da shugabanni. Gallacher ya ci 81 a wasa 144, kuma shi ne kan gaba a cin ƙwallo a kowace kaka huɗun da ya kammala. An sake dakatar da shi wata biyu saboda zagin alƙalin wasa, Landan kuma ta ba shi wuraren sha fiye da Newcastle.

Abin da ya karya shi a aljihu shari'ar sakin aurensa na farko ce. Yana son auren wata 'yar Newcastle da suka daɗe tare, kuma a dokar Birtaniya ta lokacin saki sai ta babbar kotu da lauyoyi. Shari'ar ta ja shekaru, ta ci dubban fam, a kan mutumin da albashinsa bai kai 400 a shekara ba. A 1934 kotu ta tabbatar da karayar arzikinsa. A Nuwamba na wannan shekara Chelsea ta sayar da shi ga Derby County a kan fam 2,750, tare da biyan wasu basussukansa.

A Derby ya haɗu da koci George Jobey, tsohon ɗan wasan Newcastle, mai tsauri wanda ya iya da shi. Ya ci 38 a wasannin lig 51, ciki har da biyar a wasa ɗaya da Blackburn, ya koma cikin tawagar Scotland da ta doke Ingila 2-0 a 1935, Derby kuma ta ƙare ta biyu a 1935/36. A 1941 bincike ya gano Derby ta daɗe tana biyan 'yan wasa kuɗi ta bayan fage, aka haramta wa Jobey harkar ƙwallo. Wannan ita ce ɗaya hanyar da iyakar albashi ta haifar: wanda bai samu aikin kanti ba sai ambulan.

Daga nan farashin ya riƙa sauka kamar matakala. Notts County ta biya fam 2,000 a 1936, ya ci mata 32 a wasa 45 a rukuni na uku. Grimsby ta biya 1,000 a farkon 1938. Gateshead, ƙetaren kogin Tyne daga Newcastle, ta biya 500 a tsakiyar wannan shekara, ya ci mata 18. Yaƙin duniya ya tsayar da lig a Satumba 1939, ya rataye takalmi yana da shekara 36 da ƙwallaye sama da 400.

Gateshead

A nan ya zauna. Ya yi aikin masana'anta, ya yi rubutun wasanni a jarida, inda kaifin alƙalaminsa ya sa aka taɓa hana shi shiga St James' Park. Yana fita wasannin tara kuɗin agaji, jama'a na zuwa ganinsa. A Disamba 1950 matarsa ta biyu ta rasu da ciwon zuciya, ta bar shi da 'ya'ya maza uku, ƙaraminsu yaro ne ƙanƙane. Ya ci gaba da riƙon su shi kaɗai, shan giyarsa kuma ya ƙaru.

A Mayu 1957, cikin wata hatsaniya a gida, ya yi jifa da wani abu ya ji wa ƙaramin ɗansa mai shekara 14 rauni a ka. Aka raba yaron da gidan, aka kai ƙara, jaridu suka ɗauka. An sa zai bayyana a kotun Gateshead ranar 12 ga Yuni. Makonnin da suka biyo baya an riƙa ganinsa yana yawo a titi ba ya amsa gaisuwa. Ranar 11 ga Yuni 1957 ya kashe kansa a unguwar Low Fell ta Gateshead, yana da shekara 54. 'Ya'yansa sun ci gaba da cewa uba ne mai ƙaunarsu, kuma abin da ya faru a gida a watan Mayu bai kai yadda aka yayata shi ba.

Iyakar albashi ta kai fam 20 a 1958. An soke ta a Janairu 1961 bayan ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta yi barazanar yajin aiki, kuma cikin 'yan watanni Fulham ta fara biyan Johnny Haynes fam 100 a mako. Ikon riƙe ɗan wasa bayan kwantiraginsa ya ƙare ya kai har 1963, lokacin da alƙali Wilberforce na babbar kotun Landan ya yanke cewa tauye haƙƙin neman abinci ne. George Eastham ne ya shigar da ƙarar, a kan Newcastle United, wadda ta ƙi sakinsa ya koma Arsenal.